Yadda Haske Ke Tona Asirin Juyawar Wata

Masu sha'awar kallon sararin samaniya kan yi tambaya: ta yaya za a san tsawon lokacin da watan wata duniya ke ɗauka kafin ya juya sau ɗaya, alhali ko a madubin hangen nesa ɗigo ne kawai?

Amsar tana cikin hasken ɗigon nan. A 1671 Giovanni Cassini ya gano Iapetus, ɗaya daga cikin watannin Saturn, ya kuma lura cewa idan watan yana yammacin Saturn ana ganinsa, da ya koma gabas sai ya ɓace. Sai ya ce lalle gefe ɗaya baƙi ne, ɗayan fari, kuma kullum fuska ɗaya watan ke ba Saturn. Gaskiyarsa kuwa: Iapetus na juyawa sau ɗaya cikin kimanin kwana 79, daidai da zagayensa.

Wanda zai gwada a yau, ya fara da watan da ke nesa da duniyarsa, don kada haskenta ya danne nasa. Ya jera hotuna dare bayan dare, yana kwatanta hasken watan da na taurari biyu ko uku da ke cikin hoton, waɗanda haskensu ba ya canzawa. Idan hazo ya taso, duka za su dusashe tare, sai a gane laifin sama ne.

Tarkon yana wajen lissafi. Wata mai tabo ɗaya kan yi haske sau ɗaya a kowace juyawa. Amma mai tsawo kamar dankali yana nuna faɗinsa sau biyu, tsininsa sau biyu, don haka mai gaggawa sai ya rubuta rabin amsa. Maganin hakan shi ne ya duba ƙololuwar haske biyu a jere. In ba su yi daidai ba, su biyun ne juyawa guda.

Rana ma na yanke aiki. Himalia, watan Jupiter, na juyawa cikin ƙasa da awa 8, kuma giɓin yini na iya ruɗa ƙirga, sai an haɗa kai da mai kallo a wata nahiya.

Hyperion na Saturn kuwa ba ya jin magana. Tun 1984 Jack Wisdom da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa tuntsurawa yake yi ba tsari, kuma awon haske ya tabbatar da hakan. Wanda lissafin Hyperion ya ƙi masa daidaita, kada ya zargi na'urarsa.