Masu Su a Kan Ƙanƙara

A Saulawa, cikin ƙasar Ikara, idan hunturu ya kama, ruwan randa yakan yi sanyi har ya kama haƙori, amma ba ya daskarewa. A ƙasar Kanada kuwa, can arewa da Amurka, sanyi ya fi haka nesa. Wajen watan Janairu ruwan saman tabki yakan daskare, ya zama ƙanƙara mai tauri kamar dutse. Ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, saboda haka takan tsaya a bisa, kifaye suna ta yawonsu a ƙarƙashi.

Arewa da birnin Toronto akwai wani babban tabki, ana ce da shi Simko. Masunta sukan taka ƙanƙarar da ƙafa, su huda ta, su zura fatsa ta ramin, su zauna suna jiran kifi. Amma kafin mutum ya hau, sai kaurinta ya kai inci 4, watau kamar faɗin tafin hannun babba.

A waɗannan ƙasashe akwai kuma dusar ƙanƙara. Ita daga sama take zubowa, fara fat, marar nauyi kamar kaɗa. Wanda bai sani ba sai ya zaci za ta ƙara wa tabki ƙarfi. Ba haka ba ne. In ta zubo da yawa da wuri, tun ƙanƙarar tana da rauni, masunta sukan yi baƙin ciki, don dalili uku.

Na fari, takan rufe tabki kamar bargo. Kowa ya san yadda mata ke binne garwashi cikin toka da dare, da safe a tone a tarar da wuta. Haka dusar take yi: takan tare sanyin iska, ɗumin ruwa ya kasa fita, ƙanƙara ta daɗe ba ta yi kauri ba.

Na biyu, in ta taru tana da nauyi. Takan danne ƙanƙarar, ruwa ya ɓullo ta tsaga, ya cuɗu da dusar, ya zama caɓi. In caɓin ya daskare, yakan zama farar ƙanƙara mai kumfar iska a ciki. Ƙarfinta kamar rabin na garai-garai ne, don haka sai an sami ninkin kaurin kafin a hau.

Na uku, takan ɓoye tsaga da wurare marasa kauri, mutum ya taka bai sani ba, ya rufta. Ruwan nan kuwa yana iya sandarar da gaɓoɓin mutum cikin 'yan mintoci.

Shi ya sa masunci mai hankali ba ya yarda da abin da ido ya nuna masa. Yakan riƙe sandan ƙarfe, yana tafe yana huda ƙanƙara yana auna kaurinta. Ba ya fita shi kaɗai, kuma yakan ɗauki igiya. In bai gamsu ba, sai ya koma gida ya jira, gama kifi bai kai ransa ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙanƙara take tsayawa a bisa ruwa?
2. Ta yaya dusar ƙanƙara ta yi kama da tokar murhu?
3. Wace ƙanƙara ce ta fi ƙarfi, fara ko garai-garai?
4. Me masunci yake yi da sandan ƙarfe?