Yadda Ake Liƙa Layi Mai Motsi a Jikin Abin da Ke Tafiya a After Effects

Duk mai kallon bidiyon bitar wayoyi ko tallar motoci ya saba ganin wani siririn layi da ke fitowa daga jikin kayan da ake nunawa, ya miƙe zuwa rubutun da ke bayani a kansa. Mota na tafiya, layin na biye da ita kamar an ɗaura mata zare. Shi za mu koya yau a manhajar Adobe After Effects.

Sabbin shiga kan ja layin da hannu, firem bayan firem. Bidiyon daƙiƙa 10 mai firem 25 a kowace daƙiƙa yana da firem 250. Ka gama shan wahala, layin kuma ya riƙa makyarkyata, mai aiki ya dawo maka da shi. Dabarar ita ce ka bar manhajar ta bi motsin da kanta, kai kuma ka ɗaura bakin layin a kan abin da ta samo.

A matsayin misali, muna da bidiyon babur yana wucewa, muna son layi ya nuna fitilar gabansa.

Mataki na 1: Bibiyar motsi

Zaɓi leyar bidiyon, ka shiga Window ka buɗe Tracker, sannan ka danna Track Motion. Za ka ga akwatuna biyu, ƙarami a cikin babba, da alamar tarawa a tsakiya. Ƙaramin shi ne abin da manhajar za ta haddace kamanninsa. Babban kuma shi ne filin da za ta neme shi a firem na gaba. Alamar tsakiya ita ce inda layinka zai manne.

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Ɗora ƙaramin akwatin a inda haske da duhu suka haɗu sosai, kamar gefen fitila ko kan noti. Kauce wa ƙyallin rana a jikin fenti, domin ƙyalli yana yawo ne daban da babur ɗin. Idan babur ɗin na gudu, faɗaɗa babban akwatin, amma ka sani duk faɗinsa, haka manhajar za ta ƙara jinkiri.

Danna maɓallin bibiya zuwa gaba, ka zuba ido. Da zarar akwatin ya zame, tsayar da shi, ka koma firem ɗin da ya fara kaucewa, ka mayar da shi wurinsa, ka ci gaba.

Mataki na 2: Ajiye motsin a Null

Null leya ce da ba ta fitowa a bidiyon da za ka fitar, aikinta riƙe motsi kawai. Shiga Layer, New, Null Object, ka sa mata suna Fitila. Koma Tracker, danna Edit Target ka zaɓe ta, sannan Apply, ka amince da X da Y. Kunna bidiyon, za ka ga tana tafe da fitilar.

Mataki na 3: Zana layin

Danna Ctrl+Y ka yi sabuwar leya mai launi ɗaya, ka tabbatar girmanta daidai yake da na fagen aikinka. Idan suka bambanta, lissafin wuri zai saɓa, layin ya faɗa gefe. Shiga Effect, Generate, ka ɗauki Beam. Kai Length 100%, ka daidaita kaurin farko da na ƙarshe, misali 4 da 4, ka mayar da Softness sifili, ka ba launin ciki da na waje kala ɗaya.

Yanzu riƙe Alt ka danna ɗan agogon da ke gefen Starting Point. Wata alama mai kama da naɗaɗɗiyar igiya za ta fito, ja ta zuwa Position na Fitila. Shi ke nan, bakin layin ya manne. Ending Point kuma ka kai shi inda rubutunka yake.

Idan daga baya ka ɗaura Fitila a ƙarƙashin wata leya, layin zai iya tsalle, saboda yanzu ana auna matsayinta ne daga uwar leyar. Maganinsa ka maye rubutun da ke cikin Starting Point da wannan:

thisComp.layer("Fitila").toComp([0,0])

Mataki na 4: Sa layin ya zana kansa

Bar Time a 0%. Danna agogon Length yana 0%, ka matsa gaba firem 12 zuwa 15, ka kai shi 100%. Zaɓi alamomin biyu ka danna F9 domin tafiyar ta yi laushi. Rubutun ya bayyana bayan layin ya iso, kada ya riga shi.

Idan layi mai gwiwa kake so

Beam miƙaƙƙen layi kawai yake bayarwa. Domin mai lanƙwasa, zana shi da alƙalamin Pen mai ɗigo uku, ka zaɓi Path ɗinsa, ka buɗe Create Nulls From Paths a ƙasan Window, wanda ya zo tun fitowar CC 2018. Danna Points Follow Nulls, kowane ɗigo zai samu Null nasa. Kai na farkon kan fitilar ka ɗaura shi a ƙarƙashin Fitila, sannan ka ƙara Trim Paths, ka motsa End daga 0 zuwa 100.

Kafin ka fitar da aikin, bi shi a hankali da maɓallin Page Down, musamman inda wani abu ya gifta gaban babur ɗin, domin nan ne bibiya ta fi kuɓucewa. Fara gwaji da gajeren bidiyon daƙiƙa 5 da ka ɗauka da wayarka cikin haske mai kyau. Idan hannunka ya faɗa, sai ka gwada layi biyu ko uku a bidiyo ɗaya, kowanne da nasa Null.