Zaɓen Fannin Karatu da Rayuwar Shagali a Jami'a: Wayar da Kai ga Ɗaliban Sabon Maci da Iyayensu

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak daga Sabon Maci, ko daga ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Dakoro, yana da manyan shawarwari biyu da zai yanke cikin 'yan makonni. Na farko shi ne fannin da zai karanta da garin da zai karanta shi. Na biyu shi ne yadda zai tafiyar da kansa a birni, inda babu idon uwa, babu na uba, babu na maƙwabcin da zai kai labari gida. Masu aikin ba ɗalibai shawara sun daɗe da lura cewa abubuwan nan biyu a haɗe suke. Wanda ya shiga fanni bai san dalilin shigarsa ba, shi ne darasi ke fara gundura, kuma shi ne hira da shagali ke saurin ɗauke wa hankali.

Inda ruɗanin ke farawa

Zaɓen fanni yana farawa shekara uku kafin bak. Bayan jarrabawar BEPC, ana raba ɗalibai zuwa ɓangaren adabi ko na kimiyya, daga nan su fita da bak ta siri A, ko C, ko D, ko ta makarantun fasaha. Wannan rabo shi ke buɗe wasu ƙofofi ya rufe wasu. Mai siri A yana da hanyar shari'a, tarihi, labarin ƙasa, harsuna da nazarin zamantakewa. Likitanci, haɗa magunguna, aikin injiniya da kimiyyar noma kuwa suna neman siri C ko D. Yara da yawa suna gudun lissafi su koma adabi suna da shekara goma sha shida, sai ranar cike takardar neman gurbi su gane cewa likitancin da suke buri ya wuce su tun tuni.

Wani abin kuma shi ne ƙarancin bayani. A gidaje da dama na karkara, wanda ya ci bak shi ne na farko da ya kai wannan mataki. Mahaifinsa ya san lokacin shuka da farashin tiyar gero, amma bai taɓa ganin takardar rajistar jami'a ba. Don haka tambayar da malami ya fi ji ita ce: "Mushe, wane fanni ne ake samun aiki da shi?" Idan aka juya aka tambayi yaron me ya sa ya rubuta shari'a a zaɓinsa na farko, amsar takan zama: "Yayana ne da ke Yamai ya ce in rubuta," ko "Abokaina duka can za su." Wata ɗaliba kuma za ta ce: "Baba ya ce in ba Maraɗi ba, ba ni zuwa ko'ina." Dukansu dalilai ne da ake iya fahimta, sai dai babu wanda ya taɓo abin da ɗalibin ya iya ko abin da yake so.

Jami'o'in da ke gaban ɗalibi

Shekaru da yawa Nijar na da jami'ar gwamnati guda, wadda ta soma a Yamai a 1971, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Akwai kuma Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta buɗe a 1986, kuma masu bak ta faranko-arab suna yawan nufarta.

Mafi kusa da Sabon Maci ita ce Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, domin hanyar da ta taso daga Dakoro ta bi Kwarnaka da Sabon Maci ita ce ke kai mutum Tsibiri da Maraɗi. Ƙarfinta yana ga kimiyya: tana da tsangayar kimiyya da fasaha, ta aikin gona da muhalli, ta kiwon lafiya, da cibiyar IUT mai koyar da aikin gine-gine, lantarki da kanikanci. Saboda haka mai siri A da ya ɗaura niyyar zama Maraɗi ya kamata ya san cewa fannoninsa sun fi yawa a wasu garuruwa: adabi da nazarin zamantakewa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, shari'a da tattalin arziki da gudanarwa a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko kuma a Yamai.

Ban da jami'o'i, akwai makarantun sana'a da ɗalibai ke mantawa da su: EMIG ta Yamai mai horar da ma'aikatan ma'adinai da masana'antu, IPDR ta Kollo mai horar da malaman gona da dabbobi, makarantun kiwon lafiya na ENSP a Yamai da Damagaram, da makarantun horar da malamai. Yawancinsu ana shiga ta gasar jarrabawa ko tantance takardu, kuma wanda bai bi sanarwa ba, lokaci kan wuce shi.

Wasu kan ɗaga ido zuwa Najeriya, Sakkwato ko Katsina ko Kano ko Zariya, saboda kusanci da dangantaka. Can karatun da Ingilishi ake yi, kuma hanyar shiga ta bi ta hukumar JAMB, don haka mai wannan niyya yana buƙatar shirin harshe tun da wuri.

Ma'aunin zaɓe

Tambaya ta farko ita ce ta iyawa. Takardun sakamakon shekaru ukun lise sun fi burin baki faɗin gaskiya. Wanda lissafi da fizik suka wahalar da shi tun ajin farko, shekarar farko ta tsangayar kimiyya za ta fi wahalar da shi, domin can malami na gaban ɗaruruwan ɗalibai, ba ya tsayawa jiran kowa.

Ta biyu ita ce tsawon karatu. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD: lasisi shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3. Kowane zango na rabin shekara yana da kiredi 30, lasisi kuma 180. Likitanci yana cin shekara bakwai ko fiye. Ga kuma yajin aiki da jinkirin da ke sa shekarar karatu ta shiga cikin wata. Gidan da ke jiran ɗa ya fara tallafa masa nan kusa ya kamata ya yi wannan lissafi a fili, domin takardar shekara biyu ko uku da aka kammala ta fi dogon karatun da aka yanke a tsakiya amfani.

Ta uku ita ce kuɗi. Hukumar ANAB ce ke ba da bursu bisa sharuɗɗan maki da shekaru, kuma ba kowa ke samu ba. Ko wanda ya samu, biyan kan yi jinkiri. Ɗakunan kwana da gidan abinci na hukumar CROU ba sa isar kowa. Mai karatu a Maraɗi yana iya karɓar buhun gero da wake daga gida a motar kasuwa, abin da ke da wuya ga wanda ke Agadas ko Difa.

Ta huɗu ita ce amincin takarda. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, a Maraɗi da Yamai da ƙasashen maƙwabta. Kafin uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, a tabbatar makarantar tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma fannin da kansa an amince da shi, a gida ko a majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka, CAMES.

Ta biyar ita ce aiki. Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk masu takarda, kuma da yawa daga bautar ƙasa sai zaman jira. Amma yankin kansa yana da buƙatu a bayyane: lafiyar dabbobi a ƙasar kiwo ta Dakoro da kwarin Tarka, ingantaccen irin gero da wake irin wanda cibiyar INRAN ta Tarna ke bincike a kai, kiwon jar akuyar Maraɗi, sassaben zamani, rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, ungozomomi, da malaman lissafi da kimiyya waɗanda makarantun karkara ke ƙishirwarsu. Ɗalibin da ya haɗa karatunsa da ɗaya daga cikin waɗannan ya san abin da ya kai shi aji.

Yadda shagali ke shiga

Nishaɗi ba laifi ba ne. Fada, inda samari ke zama kan tabarma ana dafa shayi, ita ce gidan baƙo na farko a birni. A can sabon ɗalibi ke jin inda ake haya da arha, ya ari littafi, ya sami wanda zai raka shi asibiti. Ranakun al'adu da wasannin ƙwallo da ƙungiyoyin ɗalibai ke shiryawa su ma suna da amfaninsu. Matsala tana farawa ne idan hira ta cinye lokacin karatu da kuɗin abinci.

Salon abin kusan ɗaya ne. Shayin da aka ɗora bayan isha'i sai a kai ƙarfe biyu na dare ana zuba na uku, darasin ƙarfe takwas ya wuce ana barci. A jami'a ba kowane darasi ake kiran suna ba, babu kuma surbeyan mai aika wa uba takarda. Ranar da bursu ta fito, kuɗin watanni sun zo a dunƙule hannun yaron da bai taɓa riƙe irinsu ba: sabuwar salula, ɗinki, karo-karon bikin zagayowar ranar haihuwar aboki, kuɗin shiga suware da hotunan da za a ɗora a TikTok. Mako biyu bayan haka an koma cin bashi wurin mai shago. Ɗan ƙauye yana da ƙarin nauyi a nan, domin tsoron kada a kira shi baƙauye kan sa ya yi abin da ɗan birnin ma ba ya yi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abubuwa biyu sun fi haɗari. Na farko shisha, wadda matasa ke ɗauka ruwan tulunta yana tace guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa guda yana iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye, ga iskar gawayi mai sa ciwon kai da suma. Ƙasar Mali ta haramta ta a 2022. Na biyu tramol. Asalinsa maganin ciwo ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa, amma wanda ake sayarwa a ɓoye ƙarfinsa ya zarce na asibiti. Wasu kan fara shi da sunan hana barci lokacin jarrabawa ko ƙarin kuzari wurin rawa. Yana kama jiki, yana jawo farfaɗiya, kuma idan aka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci yana iya tsayar da numfashi. Fataucinsa laifi ne da hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi ta OCRTIS ke bi, kuma ɗalibin da aka kama ya haɗa asarar karatu da zaman kaso.

Ga 'yan mata, haɗarin yakan biyo ta ƙofar rashi. Idan bursu ta yi jinkiri, gida kuma shiru, mai mota da ke kawo kyauta da gayyatar liyafa yana samun hanya. Abin da ke biyo baya, ciki ko cuta ko hoton da aka yaɗa a WhatsApp, ba kan yarinya ɗaya yake tsayawa ba, domin wasu iyaye a ƙauye sukan kafa hujja da shi su hana ƙannenta wuce BEPC. Maganin wannan shi ne a tsare ɗiya da masauki na amana da abin hannu a kan lokaci, karatunta ya ci gaba.

Abin da ya hau kan kowa

Malaman CEG da lise su fara bayanin siri da fannoni tun ajin BEPC, kuma su zauna da kowane ɗalibin ajin ƙarshe da takardun makinsa kafin a cike zaɓi. Ɗaliban jami'a da ke dawowa hutun damina suna koyar da ƙannensu, su ware rana guda don faɗin gaskiyar rayuwar jami'a, da daɗinta da wuyarta. Kwamitin iyayen yara da hukumar kwamin suna iya gayyatar likitan asibitin gari, malamin dabbobi da malamin gona su yi wa ɗalibai bayanin hanyar da suka bi.

Uba ko da bai yi lakwal ba yana iya bin sawun ɗansa. Ya san sunan fannin da shekarun da zai ɗauka, ya san mai masaukin da lambarsa, ya nemi takardar sakamako a ƙarshen kowane zango ya kai wa malami ya karanta masa. Aika kuɗi kaɗan-kaɗan kowane wata ya fi aika su a dunƙule. Alamomin da ke neman bincike su ne yawan neman kuɗi ba dalili, ɓoye sakamako, rama, barcin rana, saurin fushi da ƙin zuwa gida hutu.

Ɗalibi kuma ya raba kuɗinsa ranar da suka shigo, haya da abinci da takardun darasi tukuna, saura ya biyo baya. Ya sa wa hira lokacin tashi, ya nemi abokan bita uku ko huɗu tun makon farko. Idan shekarar farko ta nuna fannin bai dace da shi ba, ya je ofishin rajista ya tambayi hanyar sauya fanni ko shiga makarantar sana'a tun shekaru ba su taru ba. Wanda ƙwaya ta riga ta kama, a kai shi asibiti, domin yanke tramol farat ɗaya yana da wahala da haɗari, kuma likita ne ya san yadda ake rage shi a hankali har a rabu da shi.