Darasi: Kaka rumbun gida ce

Karanta Rut 4:13-17 da 2 Timoti 1:3-5

Idan tsohuwa ta rasu a gida, mukan ɗinka anko, a yi girki, a taru a yi ta yabonta. Bayan mako biyu kowa ya koma harkarsa. Sai ranar da rigimar iyakar gona ta tashi, ko yaro ya tambayi asalin zuriyarsu, sannan a tuna cewa wadda ta san amsar tana kabari. Wannan darasi zai taimake mu mu tuna da iyayenmu mata yadda ya kamata, tun suna da rai.

Abin da idonta ya gani

Mu ɗauki kakar da aka haifa a 1935 a wani ƙauye na arewacin Nijeriya. Tana da shekara 25 aka sami mulkin kai a 1960. Ta yi renon ’ya’ya a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Ta san agana da idonta, ta kuma ga yadda lamba ta kore ta, har aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 1980. Ta yi ciniki da fam da sule kafin naira ta zo a 1973. Ta ciyar da gida a farin 1973 da 1974, ta ga shanu suna mutuwa da bushiya a 1983.

Yawancin irin waɗannan mata ba su shiga aji ba, amma gidajensu ba su watse ba. Sun san ganyen da ake ci idan rumbu ya ƙare: tafasa, yaɗiya, zogale da rama. Sun san ajiye wake cikin toka don kada ƙwari su ci, da yin daddawa daga kalwa, da irin geron da yake nuna da wuri idan damina ta gajarta. Yau da ruwan sama ba shi da tabbas, wannan sani yana iya raba gida da yunwa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Na’omi ta bar Baitalami saboda yunwa, ta binne mijinta da ’ya’yanta biyu a Mowab, ta dawo hannu wofi. Amma shawararta ce ta kai Rut gidan Bo’aza, ita ce kuma ta reni Obida, kakan sarki Dawuda. Bulus kuwa, da ya tuna da bangaskiyar Timoti, sai ya fara da sunan kakarsa Loyis, sannan mahaifiyarsa Afiniki. Mun san waɗannan mata ne domin wani ya rubuta labarinsu. Wa zai rubuta na kakarmu?

Yadda za mu yi

1. A nemi izininta tukuna. A zauna da ita lokacin da ta huta, kada a wuce minti 30 a zama ɗaya.

2. Kada a ce, “Kaka, a wace shekara aka haife ki?” A ce, “Kaka, lokacin da aka canza kuɗi, wa kike goyo?” Idan an san shekarar abin da ya faru, shekarunta za su fito da kansu.

3. A tambaye ta sunayen iyayenta da kakanninta, garin da suka taso, da iyakokin gonaki. Wannan kaɗai yana iya hana ’yan’uwa zuwa kotu.

4. Jika ɗaya ya rubuta a littafi, wani ya ɗauki muryarta a waya, cikin harshen da ta fi sakewa da shi.

5. A roƙe ta irin shukar da take ajiyewa, a shuka kunya biyu ko uku kowace damina don kada ya ɓace.

Girmamawa tun da rai

Akwai gidajen da za su yanka sa ranar jana’iza, alhali tsohuwar ta yi shekaru tana kwana a ɗakin da yake yoyo. A wasu wurare ma, da zarar ta fara mantuwa ko sambatu, sai a ce mayya ce. Mantuwar tsufa ciwo ne, a kai ta asibiti. A 1 Timoti 5:4, nauyin kula da gwauruwa yana kan ’ya’yanta da jikokinta da farko. Bargo, tabarau, abinci mai laushi da mai taya ta hira sun fi mata amfani a yau fiye da anko gobe.

Tambayoyi don tattaunawa

• Su wane ne tsofaffin mata uku mafi shekaru a unguwarmu? Wa yake kula da su?
• Wane abinci ko irin shuka ne ya ɓace mana tun rasuwar kakanninmu?
• Nawa muka kashe a jana’izar da ta wuce? Nawa muka kashe wa marigayiyar a shekararta ta ƙarshe?
• Me zumuntar mata da matasa za su yi tare kafin taro na gaba?

Addu’a: Mu gode wa Allah domin iyayenmu mata da suka riƙe gidajenmu, mu roƙe shi ya ba mu kunnen sauraron waɗanda suka rage.