Mai Atisayen Dogon Gudu, Kada Ka Shiga Dutse Kai Kaɗai

Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne. Abin da ya haura haka wani fage ne daban. Gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, ta kusa kilomita 90, kuma sa'a 12 ake ba mutum ya kammala. Ta zagayen dutsen Mont Blanc a Turai kuwa ta kai kusan kilomita 170, hawa da gangara, dare da rana. Matasanmu sun fara kallon waɗannan a waya suna ɗaura niyya, abin kuma yana faranta mini rai. Sai dai ni likitan fisiyo ne a Jos, ni ake kawo wa ƙafafunsu bayan sun sauko daga duwatsun Shere.

Kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke cin mutum. Idan kana saukowa, tsokar gaban cinya ce ke riƙe nauyinka a kowane taku tana miƙewa, sai zarenta ya riƙa tsattsagewa kaɗan-kaɗan. Ranar ba lallai ka ji sosai ba, sai gobe ko jibi. Na sha ganin saurayi majiyi ƙarfi yana sauka daga matakala da baya da baya, ya riƙe ƙarfen gefe, don cinyar ta ƙi ɗaukarsa. Maganin shi ne a saba wa jiki sannu a hankali: gajeren taku a gangara, tafiya da ƙafa a hawa mai tsauri. Ba abin kunya ba ne, gwanayen fagen ma takawa suke yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin ciwon jiki. Mutum ya biya kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen, ya haɗiya kafin ya fita, wai don kada ciwo ya tsayar da shi. Don Allah a daina. A dogon gudu jinin da ke zuwa ƙoda ya riga ya ragu, gumi ya kwashe ruwa, tsokar da ta ji jiki kuma tana zubar da wani sinadari cikin jini wanda ƙodar ce za ta tace. Waɗannan magunguna ƙara rage mata jini suke yi. Duk wanda ya dawo ya ga fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai, asibiti zai nufa a ranar, ba sai gobe ba.

Ga inda abokai da iyali suke shigowa. Yawancin atisayen mai dogon gudu ya kamata ya kasance a hankali, yadda zai iya hira ba tare da haki ya katse masa magana ba. Matasa ba sa iya wannan idan sun haɗu da sa'o'insu, nan take abin yake zama tsere. Amma in ka fita da maiɗakinka, ko da yayanka da ya fara manyanta, dole ka sassauta, ribar kuma taka ce. Yara dai kada a ja su nesa. Su raka ka zangon ƙarshe, ko su biyo ka da keke inda hanya ta yi kyau.

Abokin gudu kuma yana ganin abin da kai ba ka gani. Shi ya sa a gasar Western States ta mil 100 a Kaliforniya ake barin ɗan rakiya ya shigo ya bi mai gudu a kashi na ƙarshe. Wanda zafi ya buga ba ya sanin ya rikice. Na gefensa ne zai lura yana tangaɗi, maganarsa ta harɗe, ana tambayarsa abu yana amsa wani. A nan a tsayar da shi, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi a jiki ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Akwai kuma akasinsa, wanda mutane ba su cika sani ba: wanda ya yi ta ɗirkar ruwa fiye da kima har gishirin jininsa ya ragu. Yatsunsa za su kumbura, kai ya yi ciwo, ga amai. Wannan kada a ɗura masa ruwa, shi ma asibiti.

Ina roƙon duk wanda nake dubawa ya yi yarjejeniya da abokin tafiyarsa tun kafin a ɗaura takalmi: in ya ce a tsaya, an tsaya, ba gardama. Sannan a faɗa wa mutanen gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a kuma sa usur a aljihu, domin a cikin kwazazzabai waya ba ta cika kama sabis ba.