Abin da Ke Sa Akori-kura Fizga In An Taka Totur

Ya kai mai karatu, in kana tuƙa akori-kura, ko kuwa ka tara 'yan kuɗinka ka sayi ɗaya don ɗaukar kayan kasuwa, to, ga wani ciwon mota da ya kamata ka sani. Mota tana tsaye, inji yana kaɗawa lafiya lau. Amma da an ɗora mata buhuna, an kama hawa, an taka totur, sai ta dinga fizga tana tari, ƙarfinta ya ragu. Makanikai su kan ce tana misin. Kada ka raina wannan ciwo, gama ya kan taso sa'ad da direba ya fito don ya wuce babbar mota, ga wata kuwa tana tahowa gaba da gaba.

Yadda inji ya ke aiki

Ka san bindigar maharbi. Ba ta tashi sai da abu uku: albarushi mai kyau, da ɗuri mai ƙarfi, da ƙyastu. Haka injin fetur ya ke. Cikinsa akwai ramuka da a ke kira silinda, huɗu ko shida ko takwas, kowane da fistan a ciki. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta musu wuta su tura shi ƙasa da ƙarfi, sa'an nan ya sāke hawa ya kori hayaƙi. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya ƙera irin wannan inji cikin shekarar 1876. Watau mai da iska su ne albarushi, matsi shi ne ɗuri, fulogi shi ne ƙyastu. In ɗaya ya gaza, silindar nan ba ta tashi, sauran su ja ta, shi ne fizgar da ka ke ji. Injin gas ba shi da fulogi mai ƙyastu, ba da shi mu ke ba a nan.

Don me sai an taka totur?

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sa'ad da mota ta ke tsaye, iska kaɗan ke shiga silinda, ko raunanniyar wuta ta isa ta kunna ta. In ka taka totur sai ƙofa ta buɗe, iska ta cika silinda, matsi ya ƙaru. Iska matsattsa kuwa tana da wuyar ƙetarewa ga tartsatsi. Wutar batir volt 12 ce, kwayil ke ɗaga ta zuwa dubbai, wani lokaci fiye da 20,000. In bakin fulogi ya cinye ya yi faɗi, ko kwayil ya yi rauni, ko waya ta tsage, wutar ta kan nemi hanya mai sauƙi ta zurare ta gefe.

Haka kuma wajen mai. Inji yana son kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na fetur, bisa nauyi. In iska ta ƙaru, lalle mai ya ƙaru. Matatar mai da ta toshe, ko famfon mai da ya gaji, su kan iya ciyar da inji yana tsaye, amma su kāsa shi a kan hawa.

Yadda za ka bi sawun ciwon

1. Ka saurara tukuna. In fizgar mai kaifi ce, tana zuwa sa'ad da kana babbar giya kana hawa a hankali, ka fara zargin wuta. In kuwa motar tana sanyi ne sannu sannu sa'ad da inji ya ɗau gudu, kamar mai jin yunwa, ka fara zargin mai.

2. In motar ta zamani ce, ka tambaye ta. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da a ke sayarwa can wata kafa da a ke jona na'urar bincike, daga baya wasu ƙasashe suka bi. Na'urar ta kan nuna lamba. P0301 silinda ta ɗaya ke nan, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 kuwa, ciwon yana yawo, ba na silinda guda ba ne, sai a duba abin da suka yi tarayya a kai, watau mai da iska.

3. Ka bari inji ya huce, ka kwance fulogi, ka jera su bi da bi don kada ka rikita. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Mai jiƙe da baƙin mai, inji ya fara cinyewa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Ka auna faɗin bakinsa bisa ga littafin motar.

4. Ka yi musaya. In kowace silinda da kwayil nata, ka ɗauke na wadda ka ke zargi ka kai wata. In ciwon ya bi shi, ka kama ɓarawo. In ya tsaya inda ya ke, kwayil ba shi da laifi. Tsofaffin motoci masu kafireta da distiributa, irin Peugeot 404, ka duba murfin distiributa ko ya tsage. Da dare kuma, inji yana kaɗawa, ka duba wayoyin fulogi, in suna yoyo za ka ga shuɗin tartsatsi. Amma fa kada ka taɓa su.

5. In wuta lafiya ta ke, ka koma ga mai da iska. Ƙurar hunturu ta kan toshe matatar iska. Fetur na gefen hanya ya kan zo da ruwa ko datti. Ka tsiyayi kaɗan cikin kwalba, nesa da wuta da taba, in da ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, gama ya fi fetur nauyi. Makanike kuma ya auna ƙarfin famfo, ya duba nozul.

6. Daga ƙarshe a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da yawa, to, bawul ya ƙone, ko ringi ya cinye, ko gasket ya fashe. Wannan sai an buɗe inji.

Ka lura, mun fara da abu mai araha, mun ƙare da mai tsada. Wanda ya tafi kasuwa ya sayo famfo da kwayil tun bai san ciwon ba, ya yi kamar mai shan magani bai ga likita ba, kuɗinsa su ƙare, mota tana nan tana fizga.

Kada kuma ka ce bari sai bayan cin kasuwa. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya kan wanke baƙin mai daga jikin silinda, fistan ya dinga gugar ƙarfe. A motar zamani kuma ya kan bi salansa ya ƙona tukunyar tace hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa. In ka ga fitilar inji ta gaban direba tana ƙyaftawa, ka sassauta ƙafa, ka nemi makanike tun ran nan.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku silinda ke bukata kafin ta tashi?
2. Don me raunannen fulogi ya kan ɓoye laifinsa in mota tana tsaye?
3. In ka musanya kwayil ciwon bai bi shi ba, me ka gane?