Furannin da Ake Aunawa da Mudu

Duk wanda ya zaga kasuwannin Gummi, Anka da Bukkuyum zai tarar furannin da ake sayarwa busassu ne. Kanumfari tohon fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Zoɓo kuwa ƙoƙon furen yakuwa ne, wanda kan yi kauri bayan furen ya faɗi, ya rungume kwanson iri. Jan launinsa daga sinadarin antosayanin yake. Ɗalibi ya jarraba da kansa: in ya ɗiga lemun tsami a ruwan zoɓo, jan zai ƙara haske, in ya zuba kanwa, zai rikiɗe zuwa kore mai duhu. Da wannan gwaji ake rarrabe abu mai tsami da kishiyarsa, ko da makaranta ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.